Taƙaitawa: hanji da homon gab da ɗaukewar al'ada

'Yan'uwa, ga abin da na tsinto daga tattaunawar mata kan matsalolin hanji gab da ɗaukewar al'ada:

1. Kusan kowa ta ambaci kumburin ciki da taurin bayan gida bayan shekara 40. Istirojin da furojestaron, wato homon (sinadaran jiki) na mata, su ne ke hawa da sauka, tafiyar hanji ta sauya. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune cikin hanji ma suna da hannu wajen mayar da istirojin cikin jini.

2. An yarda waɗannan suna taimakawa: kayan lambu, ruwa, tattaki, barci. A ƙara ganye sannu a hankali, in ba haka ba iska ta dame ki.

3. Maganin ƙarin ƙwayoyin bakteriya masu amfani a hanji kuwa, nan aka rabu. Wasu sun ji sauƙi, wasu sun ce asarar kuɗi ce.

4. Jini a bayan gida, ramewa, ko kumburin da ya ƙi sauka: wannan na likita ne.