Neman kalmar Hausa: da wane suna za mu kira nagatif?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kishin harshe. Tambayar da ke gabanmu ita ce sunan Hausa na siririn fim ɗin nan mai ƙananan huji a gefe, wanda ake tararwa a cikin ambulan tare da tsofaffin hotunan iyali, kuma masu hoto ke kira nagatif. Sunaye huɗu aka kawo: fim, baƙin hoto, uwar hoto da dodon hoto.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da za a raɗa wa suna. Duk wanda ya ɗaga shi saitin haske zai ga komai ya sauya, fararen haƙora sun koma baƙaƙe, baƙin gashi ya koma fari fat, domin sinadarin azurfar da aka shafa a fuskarsa yana yin duhu ne gwargwadon hasken da ya same shi. Idan aka haska shi a kan takardar hoto, ita ma sai ta sake juya lamarin, hoton ya fito daidai. William Henry Fox Talbot na ƙasar Ingila ya yi irinsa a kan takarda tun a 1835, lokacin da ya ɗauki wata taga ta gidansa, masanin kimiyya John Herschel kuma shi ya raɗa masa sunan da muke neman madadinsa, a 1840. Babban amfaninsa shi ne daga guda ɗaya ana iya fitar da ko hoto nawa ake so.

Fim bai isa ba, saboda sunan ya haɗa da wanda ba a taɓa sa wa a kyamara ba, ga shi kuma da an faɗe shi hankalin mai sauraro ke tafiya ga wasan kwaikwayo. Baƙin hoto ma ba zai yi ba, domin na hotuna masu kala ruwan goro yake, kuma za a riƙa rikita shi da hoto mai baƙi da fari.

Takara ta gaskiya tsakanin sauran biyun take. Masu goyon bayan uwar hoto suna da hujja mai ƙarfi, wato sunan yana nuna aikin abin da darajarsa, kuma wanda ya san uwa ce a hannunsa zai yi wuya ya jefar da ita don ya riga ya karɓi hotunansa. Gaskiya ne kuwa, ƙaramin yankin fim na hoto ɗaya mai milimita 24 da 36 ya fi hoton da aka buga daga gare shi riƙe bayanai, kuma sau da yawa hoton bango kan koɗe alhali shi yana nan lafiya a cikin duhu. Sai dai sunan ya yi faɗi. Akwai fim ɗin silaid, wanda hotonsa ke fitowa daidai ba a juye ba, akwai kuma fayil ɗin da kyamarar zamani ke ajiyewa, kuma dukansu iyayen hoto ne. Sunan da bai raba su da nagatif ba bai yi aikin da aka nema ba.

Dodon hoto kuwa ya kama ainihin siffar da ta bambanta shi, wannan fuska mai baƙaƙen haƙora da fararen idanu, kuma ba mu muka ƙirƙire shi ba, a bakin tsofaffin masu sana'ar aka same shi. A ganina shi ya dace a tsayar, a bar uwar hoto ta zama bayani ga wanda bai san amfaninsa ba.

Mu gwada shi a magana mu ji ko zai zauna. A riƙe dodon hoto ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar da ba ta ƙyalli, domin can hoton yake, a cikin wani siririn shafe da ake kira jelatin, kuma funfuna na cin jelatin idan laima ta yi yawa. A ajiye shi wuri mai sanyi da bushewa, cikin takardar da ba ta da asid, ba cikin ledar PVC ba. Dodon da ya fara warin tsami irin na ruwan khal na robar asitet ne da ya soma ruɓewa, sai a ware shi daga sauran, a gaggauta kwafe shi da sikana mai haskowa ta baya. Wanda aka yi kafin farkon shekarun 1950, idan ba a buga SAFETY a gefensa ba, yana iya zama na robar naitiret, mai saurin kama wuta. Ni dai ban ji inda kalmar ta yi tuntuɓe ba.

Saura wata matsalar da ke maƙale da wannan. Muna cewa wanke hoto ga aiki biyu, fitar da dodo daga fim da sinadarai, da kuma fitar da hoto daga dodo zuwa takarda, har wani kan ɗauka da ruwa ake gyara tsohon dodo. Shawarata ita ce a ce wankin fim ga na farko, a ce buga hoto ga na biyu. Masu sana'ar da ke cikinmu, muna son jin yadda kuke rarrabe su a wurin aiki.