Neman shawara: ina son canza lainin birkin baya na Golf 3 a gida, diram ya ƙi fita

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata Golf 3 ce ƙirar 1996, ta Kwatano. Kwanan nan idan na taka birki sai na ji baya yana ƙugi, ƙarfe na gugar ƙarfe, birkin hannu kuma sai na ja shi har ƙarshe kafin ya riƙe, a gangara ma ba ya riƙewa sosai. Na sayo sabon lainin a Ƙofar Ruwa, na ce bari in gwada da kaina ranar Asabar, tunda birkin gaba ni nake canza shi. Na cire taya, amma diram ɗin ko motsi bai yi ba. A bidiyon da na kalla a YouTube, mutumin noti biyu ya ɗaura a wasu ƙananan ramuka, diram ya turo kansa waje. Nawa ba shi da ramukan nan. In sa masa guduma ne? Masana a taimaka.

Oga bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye gudumar nan. Abin da ka kalla na Toyota ne, irin su Corolla, inda diram ke zaune a kan hob kawai, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai. A Golf 3 diram da gidan boris abu ɗaya ne, noti ne a tsakiya yake riƙe da shi. Ko kwana za ka yi kana duka ba zai fito ba, sai dai ka kashe boris.

Ka fara sauke birkin hannu gaba ɗaya. Sai ka juya diram ɗin kana haska fitilar waya ta ramin notin taya, har ka hango wani ɗan ƙarfe mai kama da bakin gatari, da siririn sifirin yana jan sa ƙasa. Shi ne yake matso da lainin kusa da diram yayin da yake cinyewa. Zura sukundireba ta ramin ka tura shi sama har ya tsaya, za ka ji lainin ya saki. Daga nan ka ɓalle hular ƙarfen da ke tsakiya, ka miƙe fin ɗin makulli ka zare, ka cire murfin noti, da notin, da washa. Idan ka jawo diram, boris na waje zai biyo shi, ka tara hannu kada ya faɗa cikin yashi. Ka shimfiɗa kwali mai tsabta ka jera komai yadda ka ciro shi.

Tsohon direban Kano zuwa Zariya: Ɗana, kafin duk wannan, me motar take zaune a kai? In jak ne kaɗai, kada ka fara. Bulon siminti ma ban yarda da shi ba, yakan fashe ba sallama. Ka samo ƙafar ƙarfe ta ɗora mota, ko gungumen katako mai kauri, a wuri mai daidai. Tunda birkin hannu a sauke yake, ka sa ta a giya ɗaya, ka tokare tayoyin gaba ta gaba da ta baya. Tayar da ka cire ka tura ta ƙarƙashin motar. Yara kuma a kore su daga wurin.

Mai Golf: Na gode Baba, katako nake da shi. Oga, na bi yadda ka ce, ya fito. Lainin ya cinye har ƙarfe. Amma gefen dama ciki a jiƙe yake, baƙar ƙura ta dunƙule kamar an zuba mai. Wannan fa?

Oga bakanike: To nan ne aikin yake. Ka duba sama, tsakanin kawunan lainin biyu, akwai ƙaramar silindar birki mai robobi a gefe da gefe. Ɗaga bakin robar da yatsa. In ka ga ruwa a ciki, man birki ne yake yoyo, silindar ta gama. In kuma a bushe take, to giris ne ya ɓullo ta sil ɗin bayan boris, wato robar da ke tare giris. Duk wanda ya zama a ciki, ka gyara shi kafin ka sa sabon lainin, don lainin da ya sha mai ya tashi aiki, wanki ba ya dawo da shi. Zai riƙa kama gefe ɗaya, mota ta riƙa fizga.

Canza silinda ya fi canza lainin wuya. Dole ka kwance bututun mai, kuma notinsa a tsohuwar mota yakan ci tsatsa ya murɗe bututun. Bayan nan sai an fitar da iska, mutum biyu, ɗaya na taka feda ɗaya na buɗe ɗan notin iska. Man DOT 4 za ka zuba.

Wani ɗan uwa daga Kaduna: Ni dai gaskiya, in silinda ce, kai ta gareji. Birki ba rediyo ba ne da za a ce in bai yi ba a sake. Kuɗin aikin bai kai abin da za ka kashe ba in bututu ya karye a hannunka ranar Asabar da yamma.

Mai sayar da kayan gyara: Ya duba dai tukuna, wataƙila sil ne. Alhaji, abin da zan ƙara: ka ɗora sabon lainin a kan tsohon ka gwada faɗi da ramuka kafin ka yar da kwalin, don ba duk Golf ne girman diram ɗinsu ɗaya ba. Ka shafa cikin diram da farce. Tunda ƙarfe ya riga ya gogi ƙarfe, in ya yi zurfin layuka zai cinye sabon lainin da wuri, gara ka nemi wani diram ɗin. Ƙurar ciki kuma kada ka hura ta da baki ko da iskar mai faci. Tsofaffin lainin wasu da asbestos aka yi su, yana illa ga huhu. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa.

Oga bakanike: Wajen haɗawa, kada ka wargaza gefe biyu lokaci ɗaya. Ka buɗe ɗayan ka bar shi a haɗe ya zama abin dubawa, ka kuma ɗauki hoto kafin ka taɓa kowane sifirin, har da gefen da ƙullutun ɗan ƙarfen nan mai kama da bakin gatari yake kallo. Ka ɗaure silindar da roba don kada fistin ya zamo, kuma kowa kada ya taka birki diram na waje. Gefe biyu ake canzawa tare, ko da ɗaya yana da sauran nama.

Notin tsakiya shi ne inda mutane suke ɓata aiki. Ba a ɗaure shi tamau. Ka sa wa boris sabon giris, ka ɗaure kana juya diram don ya zauna, sai ka sassauta kaɗan har washar da ke bayan notin ta riƙa gusawa in ka tura ta da bakin sukundireba ba tare da ƙarfi ba. In ya matse, boris zai yi zafi ya ƙone a hanya. In ya yi sako-sako, taya za ta riƙa rawa. Fin sabo za ka sa, ba ƙusa ba. Ƙarfin ɗaurin notin taya 110 Nm ne, in kana da sifanar awo.

Idan ka sauke motar, tana tsaye ka taka birki da ƙarfi sau da yawa, ɗan ƙarfen zai sauko ya daidaita kansa. Sai bayan haka ka duba birkin hannu, sau da yawa ba ya ma buƙatar a taɓa wayarsa. Ka gwada a layinku a hankali, ka dawo ka taɓa diram biyun. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, wani abu na kamawa.

Mai Golf: Na ɗaga robar, mai ya zubo min a yatsa. Silinda ce. Zan sayo guda biyu gobe. Oga, in na haɗa lainin da kaina, za ka iya turo yaronka ya canza silindar ya fitar da iska a nan gida?

Oga bakanike: Zai zo bayan La'asar in sha Allahu. Ka bar lainin a kwalinsa har ya gama da silindar, kada mai ya ɗiga a kai. Ka tanadi man birki sabo wanda ba a buɗe ba.