Wai Wi-Fi na leƙen cikin gida?

Auta: Salamu alaikum. Yau a aji aka ce mana Wi-Fi na iya gane mutum yana motsi a bayan bango, ba kyamara. Baffa, rautar nan, na'urar Wi-Fi da aka sa a tsakar gida fa?

Baffa: Wa alaikumus salam. Kai Auta, kullum da sabon abin tsoro. Haka aka ishe mu a 2020 wai 5G ce ta kawo korona.

Yaya Injiniya: Allah ya ƙara girma Baffa, wannan karon yaron na kan gaskiya. Siginar tana ratsa bango, jikin mutum kuma galibinsa ruwa ne, yana tare wani ɓangarenta, ya mayar da wani. Da ka motsa sai ta sauya, na'ura ta karanta sauyin. Tun 2013 Dina Katabi da Fadel Adib suka nuna haka a jami'ar MIT ta Amurka. Daga baya ma sun auna numfashi da bugun zuciya da igiyar rediyo.

Gwaggo: Innalillahi! Wato ina shara ba mayafi ana kallona?

Yaya Injiniya: A'a Gwaggo, ba hoto ba ne, fuska ba ta fita. Motsi ne, sai ɗan fasalin tsayuwa ko zama.

Baffa: To ka ji. Inuwa ce kawai.

Kawu na Muda Lawal: Baffa, ɓarawo ina ruwansa da fuska? So yake ya san ko da mutum a gida. Ranar da kuka kwashe zuwa Dass biki, inuwar ta ishe shi.

Auta: Ai mun sa fasawod.

Yaya Injiniya: Fasawod saƙonka yake ɓoyewa, ba ya hana siginar fita titi. Masu bincike a jami'o'in Chicago da Santa Barbara sun nuna wanda ke waje na iya saurare da wayar hannu, bai shiga Wi-Fi ɗinka ba.

Anti Malama: Ni dai ina bayan Baffa. Gwaji ne kawai aka yi, da mutane ƙalilan. A kawo na'urar gidanmu na Jahun mana, yara goma sha, ga awaki, ga fanka, mu ga wa za ta gane. Ɓarawon Bauchi ya fi sauƙi ya tambayi mai ruwa.

Yaya Injiniya: Wannan kam na yarda, Anti. Ni kamfanoni nake ji. An riga an tsara ƙa'idar Wi-Fi mai suna 802.11bf don rauta ta riƙa jin motsi da gangan, kamfanin intanet na Xfinity ma na ba kwastomominsa wannan a Amurka. Lokacin barcinka da tashinka, wa zai riƙe? Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, amma wa ke karanta sharuɗɗa kafin ya danna?

Baffa: In ta zo Bauchi ma yi magana. Yanzu ko wutar kunna ta babu.

Gwaggo: Auta, gobe ka mayar da ita zaure.

Auta: Gwaggo, bangon zauren ma za ta ratsa.

Gwaggo: Na ce ka mayar.