Badagry ko cikin Legas, ina ya fi sauƙin zama?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a Apapa, ina haya a Agege, mai gida kuma ya ƙara kuɗi. Wani abokina ya ce in koma Badagry, haya da sauƙi, ga kifi a bakin ruwa.

Lissafin ne ya cije mini. Hayar shekara zan iya kwatantawa, har da kuɗin dillali. Amma kuɗin mota kullum ta Agbara da Okokomaiko zuwa Mile 2, ga cunkoso, ina tsoron ya cinye rarar. An kuma ce iskar teku na sa ƙarfe tsatsa, ni kuwa da babur nake.

Mazauna can masu iyali, yaya wutar lantarki, makarantar yara da cefane? Don Allah a taimaka.