Fita titi ko kaɗa ƙuri'a? Gardama a zauren 'yan gida

Kawu: Ni dai maganata ɗaya ce, zanga-zanga ba ta taɓa sa gwamnati ta sauya komai ba. Ku dubi ta tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024. An sa dokar hana fita a Kano, ɓata-gari sun wawashe cibiyar hukumar sadarwa ta NCC, 'ya'yan talakawa suka mutu, fetur kuwa ko kwabo bai sauko ba.

Auta: Allah ya ƙara girma Kawu, amma 2012 fa? Ranar 1 ga Janairu Jonathan ya cire tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 140. Da jama'a suka fito, ai ya sauko da ita 97.

Yaya Babba: Auta, kin bar rabin labarin a hanya. Abin da ya karya gwamnati a lokacin shi ne yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC da aka fara ranar 9 ga wata. Bankuna a rufe, kasuwanni a rufe, sannan ƙungiyar manyan ma'aikatan mai ta PENGASSAN ta yi barazanar dakatar da haƙo mai. Gwamnatin da ke cin abinci daga rijiyar mai, wannan ce barazanar da take ji. A 2024 babu wata babbar ƙungiya a bayan matasan, babu ma wanda za a zauna da shi a teburi.

Kawu: To ka ga ka dawo layina.

Yaya Babba: A'a Kawu, ban dawo ba. Ba don mutane sun cika tituna ba, da shugabannin ƙwadago sun sasanta tun ranar farko.

Gwaggo: Ku yara kun manta da Malam Aminu Kano. Jam'iyyarsa ta NEPU tun 1950 take shan ɗauri da bulala a hannun 'yan doka, amma haraji da jangali ba su tafi ba sai da jam'iyyarsa ta PRP ta ci zaɓe a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Kano. Babanku na da rai ya ga wannan, har kuka ya yi.

Auta: Shekara kusan 30 kenan Gwaggo! Wa zai jira haka da yunwa a ciki? Kuma ku tuna yaran nan da aka kama kan zanga-zangar Agusta, waɗanda suka suma a kotun Abuja a Nuwamban 2024. Hotunansu ne suka karaɗe Facebook da X, cikin kwanaki Tinubu ya ce a sake su. Waya ma makami ce.

Kawu: Ta EndSARS ma an ce an rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga Oktoban 2020, kwana biyu aka ƙirƙiro SWAT. Sauya suna kawai.

Gwaggo: Ke Auta, duk wannan bakin naki, kin je kin karɓo katin zaɓenki kuwa?

Auta: Yana ofishin INEC, Gwaggo. Ranar Litinin in Allah ya so.