Ƙafata ta dama na mutuwa in na yi nisa a kan keke, me ke jawo haka?

Telan Ɗorayi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata 'yar matsala ce ta fara damuna, na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa fama da irinta.

Ni tela ne, shekarata 41, gidana a Ɗorayi, shagona a Fagge. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ga kuɗin adaidaita sahu zai cinye min ribar ɗinki, sai na lallaɓa na sayi keke 'yar Beljiyam mai giya bakwai. Kullum in na karya sai in hau titin BUK, in wuce Ƙofar Na'isa da Ɗan'agundi, in biyo ta Ƙofar Nassarawa in shiga Fagge. Wajen minti 40 ne in ba cinkoso.

To wata uku ke nan, da na kai Ɗan'agundi sai in ji ƙasan yatsun ƙafata ta dama ya ɗauki zafi kamar na taka garwashi. Daga nan sai kamar kiyashi na yawo a ciki, sai kuma yatsa na uku da na huɗu su mutu murus, ko tsunkulinsu na yi ba na ji. Shekaranjiya da yamma na tsaya a danja, na sauke ƙafar ƙasa, wallahi ban san ta taɓa kwalta ba, saura ƙiris in kife a kan baron wani mai lemo. In na sauka na ɗan taka minti biyar sai ta dawo. Ta hagu lafiyarta ƙalau. Dawowar yamma ta fi tsanani.

Takalmin da nake hawa da shi sau-ciki ne na fata. Maiɗakina ta ce in sayar da keken, ni kuma ba na so, don tumbin da na tara a zaman shago duk ya zube.

Abu Hanifa 77:

Wa alaikumus salam. Sanyi ne ya kama ka, Malam. Ka daina shan ruwan firji, ka nemi man zafi ka riƙa shafawa da daddare.

Baba Mai Faci:

Yaro na ne yake rubuta min wannan, ni ina faɗa. Shekara ta fi 30 ina gyaran keke, tun ana yayin Raleigh da Phoenix. Ɗana, sanyi ba ya zaɓar ƙafa ɗaya ya bar ɗaya, kuma ba ya jira sai an kai Ɗan'agundi. Tunda dama ce kawai, je ka dubi fedarka ta dama. Kekunan gwanjon nan da yawa suna zuwa da fedar roba da rana ta riga ta gasa. Tana tsagewa, gefe ɗaya ya ɓalle, a bar mutum yana taka ƙarfen tsakiya. Ƙarfen nan kaurinsa bai wuce yatsa ba, kuma duk nauyin da kake dannawa a kan wannan siririn layin yake sauka. Ko ba ta ɓalle ba, juya ta da hannu ka gani, in ƙarfen ya lanƙwashe za ka ga tana rawa.

Sai sirdi. Jingina da bango, ka hau, ka sauke feda ƙasa can, ka ɗora diddigenka a kai. In tsayin daidai ne, ƙafarka za ta miƙe sak ba tare da ka karkata ƙugu ba. In sai ka miƙa yatsu kamar mai leƙen katanga kafin ka kai, sirdin ya yi sama, kuma da kan yatsu kake tuƙi duk tsawon hanya. Samari suna son ɗaga shi don a ce sun iya. Sauke shi kaɗan-kaɗan, kamar faɗin yatsa ɗaya, ka yi kwana biyu a haka kafin ka sake taɓawa. Ka kuma duba kada hancin sirdin ya kalli ƙasa, don in ya sunkuya za ka riƙa zamewa gaba kana tokarewa da ƙafa.

Telan Ɗorayi:

Baba, Allah ya ƙara girma. Yanzu na fita tsakar gida da fitilar waya. Fedar dama rabinta babu, ban ma san yaushe ya faɗi ba. Kunya ta kama ni.

Ɗan Tseren Zariya:

Yaya tela, Baba ya gama magana a kan feda, ni takalmin nan naka ne ya tsaya min a rai. Mu da muke yin kilomita 60 zuwa 80 ranar Lahadi mun san wannan zafin sarai. Tsakanin ƙasusuwan da ke bayan yatsu akwai ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji. Ƙafa tana kumbura in ta yi aiki a cikin zafi, sau-ciki kuma ba ya buɗewa, ga bakinsa a tsuke. Sai ƙasusuwan su matse jijiyar daga gefe, feda ta danno ta daga ƙasa. Tsakanin yatsa na uku da na huɗu nan ne aka fi samun wannan matsin, daidai inda ka faɗa. Shi ya sa ta yamma ta fi ci maka rai, lokacin ƙafar ta wuni tana aiki.

Kuma kada ka manta keke biyu kake takawa. In keken ɗinkinka na ƙafa ne, wannan wurin dai shi ka wuni kana dannawa tun safe.

Shiga Ƙofar Wambai ka nemi kambas mai faɗin baki, mai taurin ƙasa, wanda in ka kama shi da hannu biyu ba ya naɗewa kamar tabarma. Ka je da yamma ka gwada, lokacin ƙafa ta kumbura. Ɗaurin igiya kuma ka sassauta ramukan gaba, ka ɗaure na sama. Silifas ba mafita ba ne, yana da laushi, fedar za ta riƙa cin tafin ƙafarka ta cikinsa. Wajen taka feda, ɗan turo ƙafar gaba yadda ƙarfen tsakiya zai zauna bayan tudun babban yatsa kaɗan, ba a ƙarƙashin yatsu ba.

Abin da na tabbata kana yi, don kusan kowa na yi: kana barin keken a giya mai nauyi kana dannawa da ƙarfi a hankali. Giya bakwai gare ka, ka yi amfani da su mana. Sa mai sauƙi, ƙafa ta riƙa juyawa da sauri, kamar zagaye 80 zuwa 90 a minti. Kwana ukun farko za ka ji kamar wasa kake, kana haki ba ka tafiya, daga baya jiki zai saba. Duk minti 10 ka ɗan miƙe a kan feda, ka motsa yatsu a cikin takalmi.

Maman Ilham:

Malam tela, ni ma'aikaciyar jinya ce. Yadda ka kwatanta, ƙafa ɗaya, sai a kan keke, tana sakewa in ka sauka, ya fi kama da matsi, kuma shawarwarin da aka ba ka masu kyau ne. Amma shekara 41, aikin zama, ga shi ka ce a da kana da tumbi, ni dai zan so ka auna suga. Ciwon suga yana cin jijiyoyin ƙafa a ɓoye, sau da yawa mutum bai san yana da shi ba. Nasa yakan kama ƙafa biyu, ya fara daga yatsu, ya fi damun mutum da daddare yana kwance. Ka je da safe kafin ka ci komai. In ya kai 7.0 mmol/L, wato 126 mg/dL, za a sake aunawa a tabbatar. Ƙarancin bitamin B12 ma yana kawo irin wannan.

In kuma kana jin abin yana tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya har ƙasa, to daga baya yake, ba daga takalmi ba. Wanda ba a jira da shi: ƙafa ta riƙa ja a ƙasa ka kasa ɗaga kanta, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ya ƙi dawowa, ko fitsari ya riƙa ƙwacewa. Wannan asibiti ne a ranar. Man zafin da aka ce ka shafa, a yi hankali, fatar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Telan Ɗorayi:

Na dawo da rahoto bayan kwana 12. Na sa feda sabbi masu faɗi, na sauke sirdi da faɗin yatsa ɗaya, na sayi kambas lamba 44 maimakon 43 da nake sawa. Sau-cikin yana cikin leda a bayan keke, sai na isa shago nake sa shi, kada kwastoma ya ga tela da babbar riga da kambas. Da safe yanzu har Fagge ba na jin komai. Da yamma kiyashin yana ɗan dawowa wajen Gadon Ƙaya, amma yatsun ba sa mutuwa.

Hajiya Maman Ilham, na auna, 5.4 ya nuna, Alhamdu lillahi. Ɗan Tsere, maganar keken ɗinki gaskiya ce, da dama kaɗai nake taka shi tun ina yaron shago. Na gwada sa ƙafa biyu, ɗinkin wuyan wata kaftani ya karkace sai da na farke shi. Akwai telan da ya iya canza ƙafa bayan shekara 20 ya faɗa min yadda ya yi?