Wa aka taɓa ce wa "I adore you"? Ku zo ku ba mu labari

Amaryar Bana, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigidana yana karatu a Ingila, ni ina gida ana jiran takardu. Da can duk saƙon da zai turo da I love you yake rufewa, sai kwanakin nan ya koma I adore you. Na nuna wa yayata, ta ce in gaya masa ya daina, wai kalmar bauta ce, Allah kaɗai ake yi wa. Ƙawata kuma cewa ta yi ƙarin girma na samu. Ƙamus na riga na duba, ba shi nake nema ba. Wanda aka taɓa faɗa wa kalmar nan, ko ya ji ta a bakin masu harshen, don Allah ya gaya mana yadda abin ya kasance.

Nas a Birmingham:
Wa alaikumus salam amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Kwantar da hankalinki. Akwai wata tsohuwa da nake wanke wa ciwo a ƙafa. Bayan ƙaramar Sallah na je da lalle a hannu, kafin in sa safar hannu ta kama yatsuna tana jujjuyawa, ta ce oh, I adore this. Matar nan dai ita ce ke adore shayi da biskit, tana adore kyanwarta, tana adore jikanta. Ba mai cewa tana bauta wa biskit.

Abin da na lura da shi, mata sun fi yawan faɗinta a kan sutura da abinci da jarirai. Idan aka zo kan miji da mata kuwa sai ta yi nauyi, kuma sau da yawa a bakin wani za ki ji: he adores her. Wato kowa ya shaida ba ya son abin da zai taɓa ta.

Malamar Turanci, Zariya:
Yayarki ba ta faɗi a banza ba. Asalin kalmar daga Latin ne, adorare, wadda a cikinta akwai orare, wato roƙo ko addu'a. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, kuma da ma'anar bauta ta fara zama. Daga baya ne aka riƙa yin ta ga mutum, sannan ta sauko har kan takalmi. Duka ukun suna raye, wurin da aka faɗe ta ne ke raba su.

Ni a aji na fi haɗuwa da ita, musamman lokacin shirin WAEC da yara ke son burge mai maki. Sai ka ga yaro ya rubuta I am adoring my mother. Ba a cika sa mata -ing haka ba, domin hali ne da ke zaune a zuciya, kamar know, ba aikin da ake cikin yi ba. Wasu kuma su ƙara mata very much. Ba ta bukata, ta riga ta kai maƙura; in mai harshen yana son ƙarfafawa absolutely ko simply yake sa mata a gaba. Idan aiki ne ya biyo ta, shi ke ɗaukar -ing ɗin: she adores cooking. Wata yarinya ta taɓa rubuta mini cewa an yi adore ɗin amarya da gwal. Adorn take nufi, ƙawatawa. Harafi ɗaya ya raba su.

Ɗan Maraɗi:
Mu na Nijar da Faransanci muka san ta, kuma can abin ya ɗan juye. A Yamai lokacin ina jami'a, na ba wata 'yar ajinmu littafin darasina ta kwafe abin da ya wuce ta tana jinya. Da ta maido shi ta ce je t'adore, a gaban abokaina. Har muka isa ɗaki suna tambayata yaushe za a kai goro. Alhali godiya ce kawai irin ta abota. A Faransanci in ana maganar so na aure je t'aime ake cewa, ita ce mai nauyin. J'adore kuwa ta kowa ce, ta kilishi ce, ta ƙwallo ce, har Dior suna da turare mai wannan suna. To amarya, sa'arki ɗaya da Turanci maigida ya rubuto.

Baƙo daga Jos:
Ni Kirista ne, bari in sa baki. A coci in ana sujada da Turanci, adore na Allah ne, tare take tafiya da worship a addu'a da waƙoƙin yabo. 'Yan Katolika ma suna da ibada ta musamman da suke kira adoration. A nan na fara sanin kalmar tun ina yaro, shi ya sa har yau bakina bai iya faɗa wa matata ita ba. Amma na ji limaminmu yana cewa wani dattijo adored his grandchildren a wurin jana'izarsa, ba wanda ya ɗaga kai.

Baban Sadiq:
Ni dai ina bayan yayar. Kalmar da za ta sa a tsaya dogon bayani, me ya sa ba za a bar ta ba? Ga so, ga ƙauna, ga bege, Hausa ba ta gaza ba. In Turancin ne dole, akwai cherish, wadda ke nufin riƙe abu da daraja ana tattalinsa, kuma babu ƙanshin bauta a jikinta.

Nas a Birmingham:
Baban Sadiq, Allah ya ƙara girma, amma mu ma ai muna cewa ina mutuwar sonki, kuma ba a taɓa shirya wa kowa likkafani a kan haka ba. Cherish tana da kyau, sai dai ba za ka ji saurayi yana jefa ta a saƙon dare ba, ta fi zama a katin biki da alkawarin aure.

Mai Atamfa, Kantin Kwari:
Ku kuna maganar soyayya, ni a kasuwa take iske ni. Duk atamfar da na ɗora a Instagram sai wata Hajiya ta rubuta a ƙasa I absolutely adore this, da alamar zuciya jere. Farko har ware mata nake yi a gefe, in hana wasu. Da na tura farashi sai ta ce za ta waiwaye ni. Yanzu in na ga adore ɗinta godiya nake yi, in sayar wa wadda ta rubuto tana tambayar nawa ne kuɗin.